Baba Mai Zubi, Mai Sa Launi a Cikin Gilashi

Tun kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Zubi ya riga ya jingine kekensa a jikin katangar masana'anta. Shekara talatin da huɗu ya yi yana haka. Zai gaisa da maigadi, ya tambaye shi ya ƙafarsa mai ciwo ta kwana, ya wuce ɗakin canja kaya ya sa rigar aiki mai kauri, ya rataya baƙin tabarau a wuya. Ba ya fara taɓa komai. Sai ya tsaya a bakin tanderu tukuna, ya karkata kai yana sauraron ƙugin wuta. Idan ya ce, "Yau da fushi ta tashi," makaniki ba ya musu, sai ya ɗauki kayan aikinsa ya bi bututun gas, kuma da wuya ya dawo bai gano inda matsalar take ba.

A wannan masana'anta ake yin ƙananan ƙwallayen gilashin nan da yara ke harbawa da yatsa a ƙasa, waɗanda wasu manya kuma ke tarawa a akwatuna, suna raɗa musu sunaye, suna gardama a kansu. Duk wanda ya ɗaga ɗaya ga haske, ya ga ja ya naɗe fari, shuɗi ya ratsa ta tsakiya, zai ce ai aikin inji ne. Gaskiya ne, inji ke mulmulawa. Amma inji bai san ja ba, bai san shuɗi ba.

Ga yadda abin yake. Farin gilashi na narkewa a babban tanderu har ya yi kauri kamar zuma, ya bi wata 'yar hanya, ya zubo ta ƙaramar kafa, igiya guda mai walƙiya. A gefen hanyar akwai ƙananan tukwane, kowace da launinta, kowace da bakin da take tsiyayar da nata. Almakashin ƙarfe na datse igiyar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta faɗa kan wasu dogayen ƙarafa biyu masu juyawa, waɗanda jikinsu ke da kwari kamar zaren noti. A cikin kwarin take ta birgima har ta zama ƙwallo, ta faɗa bokitin ƙarfe ta huce a hankali. Duk zanen da za a gani, an gama shi tun kafin almakashi ya sauka. Idan launi ya shiga kusa da kafar, sai ya fito layi-layi a miƙe. Idan ya shiga daga nesa, ya sami tafiya, sai ya lanƙwashe ya naɗe. Idan ya yi zafi da yawa sai ya baje, ƙwallon ya fito kamar ruwan wanki. Idan kuma zafin ya gaza, ya dunƙule a gefe guda kamar tabo.

Tsakanin tukwanen nan da kafar nan, taku uku ne ba su cika ba, kuma nan ne Baba ya yi rayuwarsa. Da wata doguwar sandar ƙarfe a hannu, yakan matsar da tukunya da faɗin yatsa ɗaya, ya jira, ya leƙa bokiti, ya sake matsarwa. Zafin wurin kan sa baƙo ya ja da baya tun daga ƙofa. Shi kuwa girarsa ta daɗe da ƙonewa, har abokan aiki na tsokanarsa cewa ya huta da kuɗin aski. Yakan yi dariya ya ce, "Ku dai ku sha ruwa, surutu na ƙara ƙishirwa."

Amma waɗanda suka daɗe a wurin, in ka tambaye su wane ne shi, ba da zancen zane suke farawa ba. Da shekarar jan gilashi suke farawa.

A shekarar aka kawo sabon manaja, mutum mai zafin nama, bai daɗe da barin makaranta ba. Ba mugu ba ne, sauri ne ya yi masa yawa. Wani babban ɗan kasuwa ya ba da aikin ƙwallaye masu ja da fari, da za a rarraba wa shagunan kayan wasan yara, kuma lokaci ya ƙure. Tsohon jan da aka saba da shi saura buhu biyu, sai manaja ya samo wani daga sabon wuri. Jan ya yi kyau ƙwarai, ya fi na da haske. Da aka zuba shi, ƙwallaye suka fito suna ɗaukar ido, kowa na yabawa.

Baba ne kaɗai bai yaba ba. Ya lura jan ba ya kwanciya a jikin farin yadda ya kamata, yana hawa kansa kamar mai a kan ruwa. Washegari da suka huce, ya ɗebi goma ya zuba a kofinsa na shayi, ya tsiyaya musu tafasasshen ruwa, sannan ya juye su a ruwan sanyi. Huɗu suka tsage, daidai kan layin ja. Ya ɗebi goma na tsohon zubi ya yi musu haka. Ko ɗaya bai motsa ba.

Ya ɗauki kofin ya nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, jan nan ba ya jituwa da farinmu," in ji shi. "In suna hucewa, ɗaya na tsukewa fiye da ɗaya. Yau lafiya, gobe lafiya, wata rana su tsage."

Manaja ya leƙa kofin ya yi murmushi. "Haba Baba, wa zai dafa ƙwallo? Wasa yara za su yi da su, ba shayi ba."

"Rana ma na dafawa, ranka ya daɗe. Yaro zai manta shi a rana, ya zo ya ɗauka ya jefa a baki. Ai ka san yara."

"Na duba takardar da ta zo da kayan, komai daidai ne."

"Takarda ba ta tsaya a bakin wuta ba, ranka ya daɗe. Ni na tsaya."

Manaja ya daina murmushi. Ya ce kwana uku suka rage masa, ba shi da lokacin gwajin kofi, a koma bakin aiki.

Baba ya koma. Makaniki, wanda ke kusa a ranar, ya ce ya fi minti goma a tsaye yana kallon igiyar nan tana zuba, sandarsa a hannu, bai motsa ba. Can sai ya ɗauki dunƙulen yumɓu ya toshe bakin tukunyar ja, ya rataye sandar a mazauninta, ya je ya zauna a benci. Ƙwallaye suka ci gaba da faɗowa farare fat.

Manaja ya fito a guje. "Baba, ko ka buɗe, ko ka tafi gida!"

"Ba zan hana ka buɗewa ba, ranka ya daɗe, wurinka ne. Amma ba da hannuna ba."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan benci, ya tura kekensa ya fita da rana tsaka. Aka sa wani ya buɗe tukunyar.

Matarsa, wadda shi da duk unguwa ke kira Uwar 'Yan Biyu, tana shanya a tsakar gida ta ga ya shigo. "Lafiya, Malam? Wutar ce ta mutu?"

"Wuta na nan da ranta. Ni aka kashe."

Ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan igiyar shanya, sannan ta ce, "Da ladabi dai ka faɗa masa?"

"Ranka ya daɗe sai da na ce ya fi sau biyar."

"To wanke hannu ka ci abinci."

Kada mai karatu ya ɗauka hankalinsa a kwance yake. 'Yan biyun nasu suna shekarar ƙarshe a makaranta, kuma shi bai iya wata sana'a ba bayan wannan. Kullum da safe sai ya tashi a lokacin da ya saba, ya sa takalmi, sannan ya tuna. Sai ya zauna a ƙofar gida yana hango hayaƙin masana'anta. Abin da ya fi cin sa ma ba rashin aikin ba ne, shakka ce. Huɗu cikin goma a kofin shayi, shin hujja ce da za a tsayar da aikin mutum hamsin a kanta? Ran nan ya ce da matarsa, "In fa ni ne na yi kuskure?"

Ta ce, "In kuskure ka yi, aiki ka rasa, kuma za mu san yadda za mu yi. In kuwa gaskiyarka ce ka yi shiru, da wane ido za ka riƙa kallon yaran unguwar nan suna wasa?"

Daga ranar ya daina tambayar.

An gama zubin, an cika kwalaye, an jibge a sito. Sai motar da za ta kwashe su ta lalace a hanya, kayan suka yi kwana tara a ƙarƙashin rufin kwano, rana na dukansu, sanyin safiya na biyo baya. A rana ta tara, matar da ke tantance ƙwallaye, wadda ake kira Ta-Tebur saboda a teburin tantancewa take wuni, ta shiga sito neman kwali. Ta ji wani ƙaramin sauti, ƙas, can kuma ƙas, kamar ana taka busasshen ganye. Ta buɗe kwali ɗaya ta tsoma hannu. Da ta zaro shi, jini ne ke bin yatsunta.

Ba ta tsaya ɗaure hannun ba. Ta damƙo tsagaggun ƙwallayen ta wuce ofis, ta zube su a kan takardun manaja. "Oga, wannan hannun babba ne, mai kanta," in ji ta. "Sai ka auna na yaro."

A nan ya kamata a yaba wa manaja, don bai aiki kowa ba. Da kansa ya je gidan Baba da yammar ranar, ya same shi a ƙofar gida, ya durƙusa zai fara magana. Baba bai bari ya kai ƙarshe ba.

"Tashi, tashi, kada maƙwabta su ɗauka na zama wani abu. Kwali nawa suka fita?"

"Ko ɗaya, Baba."

Baba ya rufe ido ya sauke dogon numfashi. "Alhamdu lillahi. To mu je, wuta na jira."

Har yau babu wanda ya taɓa jin ya tayar da zancen, ko da wasa.

Aka farfasa kayan gaba ɗaya. Ɗan kasuwa ya yi faɗa, ya kuma ƙara musu lokaci. Amma ga wata sabuwa: aikin na bukatar buhu goma na ja, tsohon kuwa biyu ne kacal. Baba ya ce a bar shi ya gwada. Ya tsuke bakin tukunyar har jan ya koma fitowa siriri kamar zare. Ya ja tukunyar can baya don zaren ya sami doguwar tafiya. Sannan ya sa wani gutsuren bulo a cikin hanyar gilashin, yadda sai ya karkata ya zagaye shi kafin ya kai kafa. Kwana uku abin da ke fitowa bai da kyan gani, ana ta juyewa a kwandon shara. Ya matsar da bulon, ya rage wuta, ya ƙara, ya sake matsarwa. A rana ta huɗu, Ta-Tebur ta ɗaga wani ƙwallo da hannunta mai bandeji, ta kwaɗa kira, "Baba! Zo ka ga abin da ka yi!"

Siririn jan nan, garin zagaye bulo, ya riƙa ninkuwa yana komawa, yana ninkuwa yana komawa, sai ya fito a jikin farin tsini-tsini, kamar wuta na lasar bango. Buhu biyun suka isa aikin har da ragowa. Da suka ƙare, zanen ya ƙare, don jan da aka samo daga baya, ko da yake yana jituwa da farin, bai taɓa ninkuwa haka ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya zo daga nesa da ɗan akwati mai shimfiɗar auduga da gilashin ƙara girman abu. Ya ce su masu tara ƙwallaye suna kiran wannan zane Harshen Wuta, kuma sun daɗe suna gardama kan irin injin da ya yi shi. Wasu sun ce na musamman ne, an kawo shi an mayar. Ya roƙi a nuna masa injin ko da ya lalace.

Manaja, wanda furfura ta fara fito masa a lokacin, ya wuce da shi ta gaban injuna duka, ya tsayar da shi a gaban wani tsoho mai riƙe da sanda.

Dattijon ya gaishe shi, ya buɗe akwati. "Maigida, wace dabara ce wannan? Shekara da shekaru muna son mu sani."

Baba ya ɗaga ƙwallon ga haske ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ce, "Ja ne ya ƙare mana, Malam."

"To injin fa?"

"Ga shi can yana tare mana ƙofa."

Dattijon ya juya ya ga gutsuren bulo, baƙi ƙirin, a gindin ƙofa. Ya yi dariya har sai da ya zauna a benci yana share hawaye. Da ya nemi ɗaukar hoton Baba, Baba ya ce sai dai a kira kowa, da mai ɗiban yashi da mai shara, in ba haka ba a bar shi.

Kai ne wannan, Baba. Kai ne wanda aikinsa ke kwance kan auduga a akwatunan mutanen da ba su san kamanninka ba. Kai ne ka zaɓi ka koma gida da rana tsaka, ba ka san abin da gobe za ta zo da shi ba, saboda yaran da ba naka ba, waɗanda ba za ka taɓa gani ba. Yau sun girma, wasunsu sun yi 'ya'ya, yatsunsu goma lafiya lau, kuma ba su san akwai wanda za su gode wa ba. Na bakin tanderu, mai gira a ƙone, mai hannun da ba ya rawa.

Bara ne ya fara lura shuɗi da kore na haɗe masa. Likita ya duba ya ce yanar ido ce, ta shekarun kallon wuta. A masana'anta babu wanda ya gane, don hannunsa ya san wurin kowace tukunya ko da ido a rufe, kuma da ya so da ya ja shekara biyu ko uku a haka. Sai ga shi a ofis da kansa. "Ranka ya daɗe, idona ya fara yi mini ƙarya. Gara ka ji daga bakina kafin ka gani a bokiti."

Manaja ya tambaye shi wa zai riƙe sandar. Baba ya ce Ta-Tebur.

Maganar ba ta yi wa wasu daɗi ba. Makaniki, abokinsa na shekara da shekaru, ya tare shi a gaban mutane. "Haba Baba, mace a bakin tanderu? Maza sun ƙare ne?"

Baba ya sa hannu a kwandon shara ya ɗauko wani lalataccen ƙwallo ya miƙa masa. "Kai da ka fi ta gashin baki, gaya mini me ya sami wannan."

Makaniki ya juya shi, ya sake juyawa. "Ya dai ɓaci."

Baba ya miƙa wa Ta-Tebur. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Shuɗin ya yi sanyi, kuma tukunyar ta matso gaba da yawa."

"Ka ji," in ji Baba. "Shekara ashirin tana ganin kuskurena kafin ni in gani. Zafi ne kawai ba ta saba da shi ba, shi kuwa ana sabawa."

Wata takwas ya yi yana tsaye a bayanta. Ta ƙone a hannu sau biyu, ta yi kuka sau ɗaya, ba ta ajiye sandar ba. Ranar da ya bar ta ta yi zubi ita kaɗai, ta yi iya ƙoƙarinta ta fitar da irin naɗin da aka san shi da shi, ta kawo masa tana jiran yabo. Ya kai ƙwallon dab da idonsa, ya mayar mata. "Wannan nawa ne, 'yata, na gan shi har na gaji. Naki nake so in gani tun idon na da saura." Bayan mako biyu ta kawo masa wani mai kore da ruwan ɗorawa, naɗinsa ya bi ta hagu, abin da shi bai taɓa yi ba. Wannan ya karɓa ya sa a aljihu.

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi masa sallama a harabar masana'anta. Ba a yi wani taro mai yawa ba, abokan aiki ne da iyalinsa, aka ba shi kujera mai laushi da rediyo. Da aka ce ya yi jawabi, ya miƙe ya ce duk wanda ya ɓata wa rai ya yafe masa, kuma a riƙa shan ruwa, ya zauna. Uwar 'Yan Biyu ce ta sa kowa dariya da ta ce, "Ni ku taya ni da addu'a. Mutumin da ya saba gyara wa wuta zama, yanzu a kan murhuna zai dawo ya tsaya." Wata mai zuwa za a yi masa aikin ido, kuma ɗaya daga cikin 'yan biyun, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ita za ta kai shi.

Mun gode, Baba Mai Zubi. Mun gode da shekarun da ka ba wuta, da idon da ka bar mata, da gaskiyar da ka faɗa da ladabi ba tare da ka janye ta ba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa aikin idon ya yi kyau, ya ba ka tsawon rai ka huta a kujerarka.

Mu kuma da muka rage a bakin aiki, tela ne ko direba, mai haɗa magani ko mai ɗora bulo, kowannenmu akwai ranar da zai ga abin da ba daidai ba yana wucewa ta hannunsa, alhali babu wanda ya gani sai shi. Ranar nan in ta zo, mu tuna akwai wani tsoho a cikinmu da ta zo masa, ya ji tsoro kamar kowa, kuma bai bari abin ya wuce ba.